Likitar Mata Ta Tafi Hutu

Shekarar da aka cire Jigawa daga Kano, Dakta Safiyatu Arzika ba ta daɗe da gama karatun likita ba, tana aiki a ɓangaren mata na wani babban asibiti a birnin Kano. Da aka zo rabon ma'aikata aka ce kowa ya nufi jiharsa, abokan aikinta da yawa suka bazama neman wanda zai tsaya musu a bar su inda suke. Ita kuwa ko ƙofar ofis ɗaya ba ta ƙwanƙwasa ba. 'Yar Ringim ce, ta san yadda matan ƙauyukansu suke isowa Kano a bayan a-kori-kura, wasu da sauran numfashi, wasu kuwa tun daga bakin asibiti ake juyawa da su. Ta ce da mijinta, Malam Hussaini, malamin gona wanda shi ma rabon ya faɗa da shi Jigawa, su tattara su tafi.

Dutse a lokacin gari ne ɗan madaidaici, kwance a gindin duwatsunsa, dabinai sun kewaye shi. Ofisoshin gwamnati a ɗakunan haya suke, wani babban ma'aikacin ma teburinsa a baranda yake. Yawancin ma'aikata da safe suke zuwa daga Kano cikin bas, la'asar na yi su juya. Su Safiyatu suka kama gida a unguwar Yalwawa suka zauna daram.

Ɗakin haihuwar da aka danƙa mata a asibitin Dutse gadajensa 'yan kaɗan ne, wasu ma ba katifa. Ɗakin tiyata akwai shi, amma wutarsa sai ta ga dama. Safiyatu ta sa ƙafa ta bi ofis-ofis har aka gaji da ganin ta aka ba ta janareta. Ta koya wa ma'aikatan jinya yadda ake gane mai ciki da jijjiga za ta kama tun kafin ta kama ta. Ta shawo kan direbobin tasha da malaman makaranta suka riƙa zuwa ba da jini. Ba a yi shekara biyar ba labarinta ya kai Miga, ya kai Jahun da Kiyawa. Ba ma sunanta ake faɗa ba, cewa ake "likitar mata", kowa kuma ya san wadda ake nufi.

Ba ta taɓa ɗaukar hutun shekara ba. Ranar da za ta haifi 'yarta ta biyu, Hauwa'u, daga ɗakin awo aka wuce da ita gadon haihuwa, kuma ko wankan jego ba ta gama ba ta koma bakin aiki. Ba wanda ya sa ta. Shugaban asibitin, Dakta Sharhabilu, dattijo mai sanyin magana, ya sha ce mata ta riƙa sassautawa. Ita dai a ranta ta riga ta yanke cewa duk matar da ta rasu wajen haihuwa a yankin nan, da ta ƙara ƙoƙari da ba ta rasu ba. Ta san rai a hannun Allah yake, da bakinta take faɗa wa dangin mamaciya haka, amma kanta ba ta taɓa yi wa wannan rangwamen ba.

Sannan ga mahaifinta, Alhaji Arzika, ɗan kasuwar hatsi a Ringim, mai lambu a bakin kogi. Sunan mahaifiyarsa ya sa mata, don haka tun tana ƙarama "Uwata" yake kiran ta. Shi ya tsaya kai da fata ta yi karatu, lokacin da 'yan uwansa ke cewa ai ya isa haka. Tun ranar da ta zama likita ya ajiye "Uwata" ya koma ce mata "Likita", yana faɗa yana gyara zaman hularsa. Duk wanda ya kawo masa kukan matarsa ba lafiya, a kasuwa ko a ƙofar masallaci, amsar ɗaya ce: "Ku je Dutse, ku ce ni na aiko ku." Su kuwa su zo, wasu asibiti, wasu kai tsaye gida Yalwawa, ranar aiki da ranar hutu. Ba ta taɓa mayar da ko ɗaya ba.

Shekarar da aka ƙaddamar da shari'a aiki ya ninku. Ana ta maganar raba maza da mata a motocin haya da wuraren taro, sai magidanta da yawa suka ce su ma matansu likita mace ce za ta duba su. Abin ya zo da alheri: mazan da a da suke hana matansu zuwa awo yanzu da kansu suke kawo su, tunda an ce akwai mace. Safiyatu ta yi murna da haka ƙwarai. Sai dai layin da a da yake ƙarewa da azahar, yanzu har a kira magariba da sauran mata a kan benci.

A lokacin akwai wata likita a ƙarƙashinta, Dakta Yakaka, 'yar Haɗeja, doguwa mai yawan shiru, wadda ta shekara biyu tare da ita. Safiyatu na son ta, tana yaba natsuwarta, amma ba ta taɓa barin ta ta yi babbar tiyata ita kaɗai ba. Ko Yakaka ce ta fara, sai ta ji an turo ƙofa, Safiyatu ta shigo tana sa safar hannu tana cewa, "Bari in ɗan duba." Daga dubawa kuma sai aikin ya koma hannunta.

Abin a hankali ya fara. Abinci ya daina yi mata daɗi. Kanta kullum yana sarawa, ta haɗiyi magani ta ci gaba. Takan iso ƙofar gida ta kashe mota, ta zauna a ciki ta kasa fitowa. Yara su ba ta labarin makaranta, ta ce "to" ba tare da ta ji me suka ce ba. Abin da ya fi ba ta tsoro, wanda ba ta gaya wa kowa ba, shi ne kukan jariri sabon haihuwa. A da in ta ji shi sai ta ji an sauke mata kaya daga ka. Yanzu ba ya motsa mata komai.

Malam Hussaini ya yi magana har ya gaji. "Ki ɗauki hutu mana, ko na wata ɗaya ne."

"In bar su da wa, Malam?" Kullum amsarta ke nan.

Ranar da abin ya fito fili da hantsi ne. Ta gama fitar da tagwaye ta hanyar tiyata, uwa lafiya, 'ya'ya lafiya. Ta fito ta tsaya gaban famfo za ta wanke hannu, sai kawai ta tsaya. Ruwa na zuba, tana kallon hannayenta suna karkarwa kamar na tsohuwa, ta rasa abin da ya kawo ta wurin. Mijin matar ya ƙaraso bakin ƙofa ya durƙusa yana zuba godiya da addu'a, ita kuwa ba abin da take so sai ya yi shiru. Ta wuce shi ba ta amsa ba, abin da ba ta taɓa yi wa kowa ba. Ta shiga ofishinta ta rufe ƙofa, ta bar kujera ta zauna a ƙasa, sai hawaye. Ba wanda ya mutu, ba wanda ya ɓata mata rai. Hawayen ne kawai suka ƙi tsayawa.

Yakaka ce ta same ta a haka. Ta ɗauko abin awon jini ta ɗaura mata a dantse, ta duba, ta sake dubawa, sannan ta fita ta dawo tare da Dakta Sharhabilu.

Dattijon ya jawo kujera ya zauna kusa da ita. "Dakta Safiyatu, jininki ya hau yadda da a jikin wata kika gan shi da tuni kin ba ta gado. Amma ba shi ne babban abin ba. Kin ƙarar da kanki ne. Daga yau kin tafi hutu, wata uku."

"Ranka ya daɗe, akwai mata a layi."

"Na gan su."

"Idan wata ta rasu ina gida a kwance fa?"

"Idan ta rasu a hannunki kina cikin wannan hali fa?" Bai ɗaga murya ba. "Wanne za ki fi iya ɗauka?"

Ta dubi hannayenta, har lokacin ba su daina rawa ba. A nan ta amince.

Malam Hussaini ya ce gidan Yalwawa ba wurin hutu ba ne, tunda ya zama asibiti na biyu. Ya kira ƙanwarsa ta zo ta zauna da yara saboda makaranta, ya ɗauki matarsa a mota suka nufi Ringim. Sun wuce Gujungu tana kallon gonaki ta taga, sai ta ce, "Malam, yanzu cewa za a yi likitar mata ta gaza."

"Za su faɗa na ɗan lokaci, sannan su koma maganar taki da damina," in ji shi. "Ni dai matata nake so a dawo mini da ita."

A Ringim kuwa, kafin gari ya waye sosai labari ya zaga unguwa cewa Likita ta zo. Alhaji Arzika ya ɗauka ziyara ce, don kunya ta hana surukinsa yi masa cikakken bayani. Ya yi ta murna, ya sa aka share zaure. Mata suka cika tsakar gida, Safiyatu ta shimfiɗa tabarma a ɗakin mahaifiyarta, Inna, ta shiga duba su ɗaya bayan ɗaya, tana ɓoye hannunta a cikin mayafi in ya fara rawa. Inna na kallon ta tana tsaki. "Wannan shi ne hutun?" Safiyatu ta ce ai ba yawa.

Haka aka yi 'yan kwanaki. Wata la'asar, bayan mace ta ƙarshe ta fita, Alhaji Arzika ya shigo da fara'arsa ya ce gobe amininsa Alhaji Barau zai kawo surukarsa daga Taura, ya riga ya yi masa alkawari. Safiyatu na zaune a bakin gadon Inna. Ta buɗe baki za ta ce "Allah ya kai mu" yadda ta saba, sai maganar ta ƙi fita. Abin da ya fito shi ne, "Baba, na gaji."

Ya yi murmushi. "Ai dole, Likita. Yau ki kwanta da wuri."

"Ba irin wannan gajiyar ba, Baba. Ba ziyara na zo ba. Dakatar da ni aka yi daga aiki na ɗan lokaci. Hannuna rawa yake. In na ga marar lafiya yanzu ba na jin tausayinsa, ji nake kamar in gudu."

Murmushin ya ɓace daga fuskarsa. Ya nemi 'yar kujerar tsakar ɗaki ya zauna. Inna daga gefe ta ce, "Ai tun ranar da ta zo na faɗa maka, Alhaji, ka ce gajiyar mota ce."

"Tun yaushe ne?" ya tambayi 'yarsa.

"An fi shekara."

"Duk mutanen nan da nake turo miki?"

"Ina duba su."

"Me ya hana ki ce in dakata?"

Ta sunkuyar da kai. "Kai ka tsaya mini lokacin da kowa ya ce a cire ni daga makaranta. Ina ganin yadda kake faɗin sunana a cikin mutane. Ban san da wane baki zan ce maka ba zan iya ba."

Ya dube ta, yana jan carbinsa. Sannan ya ce, "Uwata, na kai ki makaranta don ki amfani mutane, ke ma ki amfana. Ban kai ki don a dawo mini da ke a kwance ba." Ya miƙe ya gyara rigarsa. "Barau kuwa ki bar ni da shi."

Washegari bai tafi kasuwa ba. Ya sa aka shimfiɗa masa buzu a ƙofar zaure, ya zauna da butarsa da rediyonsa. Duk wanda ya zo da marar lafiya, a nan yake tsayawa. Da farko cewa yake, "Likita ba ta jin daɗi," yana kawar da kai, don maganar nauyi take yi masa. Mutane su ce, "Af, likita ma tana ciwo?" Da ya ji tambayar ta yi yawa sai ya daina kwana-kwana. Safiyatu daga ciki ta jiyo shi yana cewa da wani magidanci, "Shekara tara tana tsaye a kan matanku, ba Juma'a ba Sallah. Yanzu ta gaji. Hutawa take, kuma ni na ce ta huta." Da irin muryar da yake cewa "Ku je Dutse" ya faɗa, ba ta ragu ko kaɗan ba.

Wadda ya ga jikinta ya yi tsanani kuwa ba ya korar ta haka kawai. Sai ya sa a tayar da motar hatsinsa a kai ta asibitin gari, wani lokaci har da shi a gaba. Alhaji Barau ya yi fushi, ya yi kwana da kwanaki yana gaishe shi a tsaitsaye a masallaci. Alhaji Arzika bai bi shi da ban haƙuri ba, har ya huce don kansa.

Hutun bai zo wa Safiyatu da sauƙi ba. Makonnin farko ko mota ta ji ta tsaya a waje sai ta zabura tana neman takalmi. Ta sauke kwanukan Inna ta wanke ta sake jera su, washegari ta sake saukewa, har Inna ta kore ta daga ɗakin. Ba waya a gidan, don haka in Malam Hussaini ya kawo yara ƙarshen mako sai ta tare shi da tambayar asibiti. Ya ce shi malamin gona ne, ta tambaye shi gero.

Da masu zuwa ƙofa suka ragu, mahaifinta ya fara tafiya da ita lambu da safe. Ta zauna a gindin mangwaro tana kallon ana ban ruwan tumatir da attaruhu. Nan ma sai da ta nemi aikin yi. Ta ce masa kunyoyin can na gefe a karkace suke, ya kamata a sake su.

Ya yi dariya. "Uwata, tumatirin bai san a karkace yake ba. Dubi yadda ya yi 'ya'ya."

Ta duba. Ita ma sai ta yi dariya, kuma ta ji dariyar baƙuwa a bakinta, don ta manta rabon da ta yi ta.

Sannu a hankali barcin rana ya fara ɗaukar ta bayan azahar. Ciwon kai ya ja baya. Wata rana ta cinye ɗanwaken da Inna ta zuba mata ta miƙa kwano ta ce a ƙara. Inna ta ƙara mata, amma ta daɗe a madafa kafin ta fito. A wata na biyu aka yi suna a maƙwabta, aka miƙa mata jaririyar don ta sa albarka. Yarinyar ta canyara kuka a hannunta, Safiyatu ta ji wani abu ya motsa a ƙirjinta, abin nan da ta ɗauka ya tafi ke nan. Ta rungume ta ta ƙi bayarwa har sai da uwar ta zo karɓa.

Ana cikin haka wata Asabar sai ga Yakaka ta sauka daga motar haya da ledar busasshen kifin Haɗeja. Alhaji Arzika ya tsare ta a ƙofa kamar kowa, sai da ta rantse masa gaisuwa kawai ta zo. Suka zauna a inuwar tsakar gida. Bayan gaishe-gaishe Safiyatu ta kasa daurewa.

"Yaya ɗakin?"

"Lafiya lau, Anti. Muna ta fama." Sannan Yakaka ta ƙara da cewa, "An kawo wata daga wani ƙauyen Miga. Ta kwana biyu tana naƙuda a gida, mahaifa ta fashe. Dakta Sharhabilu ya tafi taro Kano."

Safiyatu ta matso kusa da ita. "Wa ya shiga?"

"Ni."

"Ke da wa?"

"Ni da ma'aikatan tiyata."

Safiyatu ta gyara zama ta shiga yi mata tambayoyi kamar ranar jarrabawa: yaya ta same ta, jini nawa aka ƙara, ta ina ta fara, me ta yi da jinin ya ƙi tsayawa. Yakaka na amsawa a natse, ba ta tsallake komai ba. A wuri ɗaya ta bi hanyar da Safiyatu ba ta saba bi ba, ta kuma faɗi dalilinta, dalilin kuwa mai kyau ne.

"Jaririn ya riga ya rasu tun a hanya," in ji Yakaka. "Amma uwar ta tashi. Da ƙafarta ta hau mota ta koma gida."

Abin da Safiyatu ta fara ji ba murna ba ce. Wani ɗan zafi ne ya soke ta, na ganin an yi irin wannan aiki ba ita, kuma asibitin bai rushe ba. Ta bar zafin ya yi abinsa ya wuce. Alfaharin da ya biyo bayansa ya fi shi girma nesa ba kusa ba. Ta dubi dogayen yatsun Yakaka a kan gwiwarta, ta tuna ranar da yarinyar nan ta fara riƙe almakashi a gabanta.

"Yaushe kika iya haka?"

Yakaka ta dube ta ido cikin ido, cikin ladabi. "Tun bara na iya, Anti. A wurinki na koya. Ba ki taɓa bari na gama ba ne."

Safiyatu ta gyaɗa kai. Ta ɗaga murya ta kira mahaifinta daga zaure. Da ya leƙo ta ce, "Baba, ka ga wannan? Ita kaɗai ta ceto matar da mahaifarta ta fashe. Ɗalibata ce."

Da hutun ya ƙare ta koma Dutse da ƙiba a kumatu. Ta sami Dakta Sharhabilu ta ce a raba ranakun tiyata da na kwanan asibiti tsakaninta da Yakaka da sauran likitoci, ranar da ba tata ba kuma ba za ta zo ba. Ba a sha da daɗi ba da farko. Magidanta su zo su ce su likitar mata suke nema, ta nuna musu Yakaka ta ce, "Ga ta nan." Wasu su tafi suna gunaguni. Ita kanta sau da yawa ƙafarta ta kai ta ƙofar ɗakin tiyata ranar da ba tata ba, ta tsaya, ta juya. Sau ɗaya ma ta shiga, Yakaka ta ɗago kai ta ce, "Anti, akwai matsala ne?" Ta ce babu, ta fita tana jin kunya. Masu zuwa gida Yalwawa kuwa Malam Hussaini yake tarbar su, ya ba su ruwa, ya kwatanta musu hanyar asibiti.

Lokacin da ya rage mata sai ta zuba shi a wani wuri. Ta riƙa zagaya makarantun 'yan mata tana yi musu bayanin aikin ungozoma da na likita. Ta roƙi a riƙa turo mata ungozomomin ƙananan asibitocin karkara rukuni-rukuni, su zauna da ita su koyi gane haihuwar da za ta zo da gardama, don su turo mace da wuri tun kafin abu ya lalace. Ba duka matan yankin suka tsira ba, kuma ta daina yi wa kanta alkawarin za su tsira duka. In an yi rashi takan yi baƙin ciki, ta zauna da ma'aikata a duba inda aka yi sake, sannan ta tafi gida ta ci abinci da 'ya'yanta.

Bayan 'yan shekaru, wata rana da kaka, ta je Miga duba wani ƙaramin asibiti. Ungozomar wurin, Murja, tana cikin rukunin farko da ta koyar. Ta iske ta a tsakiyar karɓar haihuwa. Murja ta leƙo ta labule ta ce, "Sannu da zuwa, Likita. Haihuwar fari ce, amma komai na tafiya daidai. Ki ɗan jira ni."

Safiyatu ta koma gindin darbejiya, inda wata tsohuwa ke zaune a tabarma tana ɓarar gyaɗa, kakar mai naƙudar ce. Suka gaisa. Tsohuwar ba ta san ta ba, ta shiga ba ta labari.

"Yarinyar nan Murja, Allah ya yi mata hannu. Da, in haihuwa ta zo da gardama sai mu zauna mu zuba ido. Ita kuwa tun a awo za ta ce wannan a nan za ta haihu, wannan ku kai ta Dutse tun yanzu. Kuma yadda ta faɗa haka ake gani. An ce wata babbar likita ce a can ta koya mata."

"Ni ce, Iya," in ji Safiyatu.

Tsohuwar ta dakata da ɓarar gyaɗar. Ta dube ta tun daga ɗankwali har takalmi.

"To, 'yar nan, kin iya koyarwa," ta ce. Ta matsa gefe ta ba ta wuri a tabarmar, ta tura mata faifan gyaɗar gabanta. Safiyatu ta cire takalmi ta zauna, ta ɗebi gyaɗa, suka ci gaba da ɓara tare suna jiran Murja ta fito.